Lambar da Ke Cikin Gwangwani

A Nafada, a ɗakin kakana Kofur Siddi,
akwai gwangwanin shayi da tsatsa ta ci bakinsa.
Ba kuɗi a ciki, ba laya.
Lamba ce, ƙyallenta ya koɗe,
da sunan da ba namu ba a bayanta.

Manjo Kenali. Sojoji suka sa masa Mai Sarewa,
don in dare ya yi a bakin Gongola
yakan zaro 'yar sarewar ƙarfe
ya busa abin da ko shanu kan bar tuƙa su saurara.

Ya ce shi ba Ingilishi ba ne, kada a ƙara.
Tsibirinsu Ailan, ruwa ba rani ba damina,
dankali ne tuwonsu,
kuma waɗanda suka ɗinka masa kaki
su suka ƙwace gonar kakansa.
Siddi ya ce: ashe kai ma ɗan aike ne,
an ba ka sanda ka kora akuyar wani.
Bai yi dariya ba.

A Bama aka tare su a mashigin kogi,
harsashi na zuba kamar ƙanƙara a kan kwano.
Sau uku ya koma cikin ruwa yana janyo mutanensa.
A na ukun cinyarsa ta karye.
Takarda ta ƙirga uku ta ajiye alƙalami.
Ba ta ga na huɗu ba,
da kakana ya goya shi kamar ɗan yaye,
jini na bin bayansu.

Bayan shekara tara ya dawo, ba kaki, yana ɗingishi.
Ya zauna kan tabarma, ya ci fura da ludayi,
ya damƙa lambar a hannun Siddi:
rabi naka ne, kuma ba ta rabuwa.
Aka ba shi zabi biyu.
Ya hau motar gyaɗa zuwa Gombe, yana riƙe da ƙafafunsu.

Wasiƙa ɗaya ta zo. Daga nan shiru.

Kakana bai taɓa maƙala ta a ƙirji ba.
Ya ce nauyin mutumin ya ishe shi tunawa.

Jiya ɗana ya girgiza gwangwanin a kunnensa,
ya ce, Baba, nawa za a saya?
Na karɓa, na mayar ƙarƙashin gado.