Aljihun Teburin Gidado

A tashar Kumo, bayan masu tsire,
teburina na da aljihu ɗaya da ba ya rufuwa.
Gawarwakin wayoyi ne a ciki.
Masu su sun ce gobe za su dawo.
Goben nan har ta yi furfura.

Kafin su duka, kaset ne.
Goggo Dudu kan zaunar da ni gaban rikoda,
ta gyara ɗankwali kamar Bappayo na kallon ta daga Fatakwal,
ta gaishe shi sau bakwai
kafin ta shaida masa tunkiya ta haifi biyu.
Direban tanka ya kai saƙo.
Amsa sai bayan an cire gyaɗa.

Sai lema ta sauka a bakin titi:
kujera ɗaya, waya ɗaya, gari guda a layi.
Minti guda kuɗin cefane.
Nan muka koyi gaisuwa a guje,
mu da kan tambayi lafiyar mutum har zuwa kajinsa.

Wannan mai tocilan ta Malam Jungudo ce.
Ta faɗa kwata, ta faɗo daga kan babur,
an tsince ta tana ƙara.
Da ita ya yi filashin har ya sami mata,
bai taɓa kankare kati ba.

Waccan 'yar Caina, layi uku, eriya kamar ƙahon gada,
in ta yi kuka a masallaci sai liman ya daɗa sauri.

Mun yi kiran dare na kyauta,
ido ja da safe, muna ƙarya da sauro.
Mun tura hoto ta bulutut, waya na sumbatar waya.
A Tugo na zama ɗan Abuja mai mota,
alhali ina kan benci ina gadin janareto,
caji talatin na tsotso a jikin katako ɗaya.
Fesbuk ya tono min abokin firamare
don kawai mu yi faɗa kan siyasa.
Yanzu yara na rawa gaban gilashi,
suna ƙirga idon baƙi kamar mai ƙirga kwabbai,
data na ƙonewa, shayi na hucewa.

Ranar Laraba Goggo Dudu ta zo da sanda.
Ta kwance bakin zane.
Waya ce, jiƙe sharkaf, ta faɗa randa.
Ba ta san baƙi ko ɗaya ba,
amma ta san koren nan, ta san inda ake dannawa a riƙe.
Ta ce, Gidado, Bappayo na ciki.

Bara aka binne shi a can,
ba ta ga ko makara ba.

Na buɗe cikinta. Na busar. Na goge tsatsa da burushin haƙori.
Hannun da ya farke dubu bai taɓa rawa ba sai yau.
Dalma ta narke, hayaƙi ya shiga min ido,
na bar mutane su ɗauka hayaƙin ne.
La'asar ta wuce. Gilashi ya yi haske.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Inna, kin wuni lafiya? Ya ƙafar?
Bayansa ana jin hon ɗin motoci da ruwan sama na wani gari.

Ta gyara ɗankwali.
Ta ce, lafiya lau, ƙafa da sauƙi.
Ta jira ya gama, ba ta katse shi ba.
Ta ce in sake.

Da ta tambayi kuɗi na ce ai ta biya tuntuni,
da ƙosan da take ba ni in na danna mata jan maɓallin rikoda.
Na kwafe muryar a memori biyu.
Ɗaya na ƙulle mata a bakin zane,
ɗaya na jefa aljihun nan,

sannan na juya ga yaron da ke bubbuga min tebur,
wai sikirin ɗinsa ya tsage
kuma mabiyansa na jira.