Mai Faci a Kwangila

Ƙarƙashin gada na girke famfona,
inda tirela ke bi ta kaina tana tari,
yashi na zubo min a kofin shayi.
Ba na kiran kowa.
Ramin nan na gaban gidan mai shi ne ɗan kamashona:
ya cafke taya, ya turo min ita tana ɗingishi,
ban taɓa ba shi ko sisi ba.

Babana, Mantau, shekara talatin da ɗaya
yana juya layi a tashar Sabon Gari.
Da kukan jirgin Ƙauran Namoda Inna ke ɗora sanwa,
na Kano in ya yi jiniya, ladan ya gyara murya.
Yau awaki ke jiran jirgi a kan dogo,
mata na shanya barkono tsakanin ƙarafa,
tumfafiya ta girma har ta ga jikoki.
Amma duk Juma'a sai ya goge fitilar aikinsa,
mai ido ja da kore,
ya ce, "Ba a san ranar da za a neme ta ba."

Damina uku ke nan ana awon hanyarmu.
Masu hular kwano sun zo da madubi mai ƙafa uku,
sun shafa jan fenti a katangar Hajiya Dije,
sun kafa allo ya fi ƙofar masallaci faɗi.
Allon ya yi tsatsa, wani ya rufe akurki da shi.
Matasa suka cike ramin da ɓaraguzan bulo,
ruwan Agusta ya zo ya karɓi abinsa.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba.
Faɗuwar wani ai tashin wani ce.

Sai daren Talata, ƙarfe biyu,
Lantana ƙanwata na naƙuda a keken Barau.
Shika aka nufa,
tafiyar da ba ta kai shan gaɓar rake biyu ba.
Ɗan kamashona bai san dangi ba.
Ya kama ƙafar gaba, ya lanƙwasa ta.
Da hasken waya na kwance notuna,
hannun da ya yi faci dubu yana rawa kamar mazari.
Ban gama ɗaure na ƙarshe ba na ji kuka,
siriri, sabo,
ya ratsa gurnanin manyan motoci.

Ran suna liman ya ce Rakiya.
Unguwa ta ce 'Yar Kwalta, shi ya bi ta.

Yanzu kullum da asuba, kafin in tada famfo,
kwanon sarki biyu na marmara nake juye masa a baki.
Ciniki ya ja baya. Barau na min dariya.
In duhu ya yi kuma sai ga Baba da sandarsa,
ya ajiye fitilar a gefen ramin,
jan idon yana kallon masu tahowa daga Kano.
Ya zauna kan tsohuwar taya, ya dube ni:
"Ban faɗa maka ba?"