Hawa Goma Sha Tara

An ɗauke wuta a Marina,
lif ya tsaya cak, ya tsuke baki.
Oga Adekanmbi na son ruwa a hawa na goma sha tara,
gorar roba biyu a kafaɗata,
na ce wa gwiwoyina: ku tuna Gangirwal.

Hawa na uku, zufa.
Haka gindin dutsen yake, zafi kamar bakin murhu,
ciyawa ta fi mutum tsawo, tana yankan damtse,
bika zaune a kan fa suna ƙirga mu
kamar masu karɓar kuɗin ƙofar kasuwa.
Bappa Njidda a gaba da sandar gora.
Ba ya magana. In ya tsaya, mu tsaya.

Hawa na bakwai, babu taga, sai lalube.
Kurmi ke nan,
inda rana ba ta taɓa ƙasa sai da roƙo.
Itatuwa sun yafa gansakuka kamar tsofaffi cikin bargo,
matsattsaku ya sha jinina ta cikin safa,
ban sani ba sai da takalmi ya jiƙe.
Can sama wani baƙin biri mai farin mayafi
ya bar reshe, ya kama iska,
iskar kuma ta riƙe shi.

A na goma sha biyu Iya Risikatu na goge daɓe.
Ta janye bokiti, ta yi mini sannu da yarensu.
Warin sabulunta ya bi ni,
amma ni ƙanshin rafi nake ji,
rafin da muka ga gadajen ganye a kan itace,
shimfiɗar manyan birai, ko bushewa ba ta yi ba.
Na ɗaga yatsa, Bappa ya buge hannuna:
ba a nuna ɗakin maƙwabci.

Sha shida. Ƙirji na bugun ganga.
Nan kurmi ke yankewa kamar an sa wuƙa,
sai gajeriyar ciyawa da sanyi mai cizon kunne.
Gajimare na ratsa ƙafafunmu kamar tumaki,
rema ta leƙo daga tsaguwar dutse ta koma,
sha-kauci, bai kai babban yatsa ba,
ya tsoma baki cikin jar fure
kamar duniya ba ta da wani aiki.

Sha tara.
A can, Bappa ya shimfiɗa buzu ya yi la'asar,
muka sha shayi da hannuwa na rawa,
Kamaru a gabas, shuɗiya, babu shinge.
A nan, Oga bai ɗago kai ba.
Ajiye can, in ji shi.

Na ajiye. Na saci kallo ta taga:
lagun shimfiɗe kamar faranti,
danfo rawaya na bin gada kamar tururuwa,
shirwa guda tsaye a iska, daidai idona.
Sai ga shi a bakin tagar, cikin tsaguwar siminti,
ɗan ɓaure mai ganye huɗu.
Kashin tsuntsu ya shuka shi,
ba wanda ya ba shi izini.

Na cika murfin gora da ruwan Oga
na zuba masa.

Bara aka bugo mini waya daga Serti,
sandar gora na jingine, ba mai ɗauka.
Shi ya ce mini sauka ta fi hawa cin gwiwa.
Akwai gora shida a ƙasa suna jira.