Takarda Ta Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

An ba ni takardu ɗari uku da biro goma,
an ce, "Zalika, ki zagaye Tawa.
Kada ki rubuta suna, lamba kawai.
Suna amana ne, lamba ba ta jin kunya."

Na fara da wata fada a Bilbis, bayan la'asar,
butar shayi na kan wuta karo na biyu.
Suka ce, "Madam, ko ke 'yar sanda ce?"
Na ce ni mai ƙirga ce.
Suka yi dariya, suka miƙo benci mai gurguwar ƙafa.

Shekara nawa ka fara? Sha uku.
Wa ya ba ka? Shiru.
Kara nawa a yini?
"Sai yadda aljihu ya kwana.
Ran da babu, mu huɗu ke raba guda,
na ƙarshe shi ke ƙona leɓe."
Takardata ba ta da gurbin wannan amsa.
Na cusa ta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

A Garkawa wani Assumana ya zaro abu kamar alƙalami,
yayansa ya aiko masa daga Abijan.
Ya ja, ya busa, unguwa ta cika da mangwaro
alhali ba lokacinsa ba ne.
"Wannan tururi ne, Madam, ana cajinsa kamar salula.
Inna ta ji, ta ce wane turare na saya."
Tambaya ta tara: kana shan taba?
Ya ce a'a, da zuciya ɗaya,
hayaƙin bai gama fita daga hancinsa ba.
To, a wane layi zan ajiye shi?

'Yan matan lise ba su amsa da baki.
Wata ta ninke tata takardar sau huɗu,
ta tura mini cikin tafi kamar laya,
ba ta sake haɗa ido da ni ba.

Da dare wuta ta ɗauke.
Na riƙe tocila da haƙori ina ƙirga.
Ta bayan bango Baba yana tari,
irin tarin da muka girma ciki
har muka daina jinsa, kamar kukan gyare.

Ɗari biyu da sha biyu.
Sha uku.
Sha huɗu.

Na san wannan rubutu.
Ni na riƙe hannun nan yana shekara shida,
ni na gaji da gyara masa wutsiyar ƙ
har na bar shi da karkatarsa.
Sa'adu. Autanmu.

Shekara nawa ka fara? Sha ɗaya.
Wa ya ba ka?
"Ba wanda ya ba ni.
Baba ke aikena tebur da dala biyar,
ni ke kunna masa a garwashin Inna."
Kana son ka bari?
Ya ja layi ƙarƙashin i,
ya ja wani ƙarƙashin a'a,
sa'an nan ya goge ɗaya da yawu har takarda ta huje,
ban san wanne ya bari ba.

Na sa hannu a jami'a cewa ba zan faɗa ba.
Gobe zan zuba shi a na'ura,
ya narke cikin kaso kaza bisa ɗari,
wani ya haska shi jikin bango a Yamai,
a tafa, a tashi shan ruwa.
Gaskiyarsu, lamba ba ta jin kunya.
Ni ce na kwana ina ji.

Da safe yana wanke fuska bakin randa.
Ina kallon leɓensa, yana kallon takalmina.
Baba ya gyara murya daga ɗaki:
"Sa'adu, zo ka karɓo mini."

Na riga shi tashi.
Na ce, "Baba, kawo kuɗin.
Yau ni zan je."