Tsakuwa a Kan Kabarin Zalman

Shekara uku ina ba ka magani a Salford.
Talata ka ƙi shan shayi,
Laraba aka binne ka.

Ashe likkafaninku ma ba aljihu.
Ɗanka ya kifa shebur,
da bayansa ya ɗebi ƙasa,
wai ka san ba da son rai ba ne.

A gida an lulluɓe madubai.
Tova na kan kujera 'yar tsugunno,
wuyan riga a yage,
dafaffen ƙwai ya huce a tafinta.
Zan ce "ya haƙuri",
wata tsohuwa ta taɓa ni:
bari ita ta fara.

Kwana bakwai. Mu ma haka, Zalman.

Yau ban zo da fure ba.
Ga tsakuwa, daga bakin ƙofarka.