Wardi Mai Lamba Ɗari Uku da Sha Bakwai

Kabeji nake shukawa a bayan gidanmu,
kunya shida, da albasa a gindin rijiya,
kafin Zulmira ta ce in ara mata taku biyu.
Taku biyu!
Bana shekara goma sha ɗaya da aron,
ko ganyen miya ban tsira da shi ba.

Shekara talatin na yi ina kai wasiƙa a Ponte da Barca,
keke da jaka, hawa da gangara,
na san karen kowa, na san ƙofar da ke makalewa.
Da na ajiye aiki sai ita ta ɗauka:
da ɗan buroshin kwalliya
take ɗebo ƙurar wannan fure ta kai wa wancan,
ta ɗaure masa kai da takarda, ta rubuta lamba.
"Nawa saƙon," in ji ta, "sai baɗi ake samun amsa."

Iri ya kwana wata uku a firji, kusa da cuku.
Sau ɗaya na kusa barbaɗa shi a miya,
kwana biyu ba a yi mini magana ba.

Dubu suka tsiro.
Baƙin tabo ya ci rabi, darɓa ta ci nata,
jaura ta kwashe masu laushin wuya.
Ba ta fesa wa kowa magani ba.
Wanda ya langaɓe, ta tumɓuke shi ba ko waiwaye,
matar da ke kuka in kyanwa ta yi ɗingishi.

Ɗari uku da sha bakwai ne ya ƙi mutuwa.
Gajere, iyakarsa gwiwata,
launinsa kamar cikin gwanda da hantsi,
da yamma ya koma kalar ɓawon burodi.

Ni kuwa, a wani hunturu mura ta sauka gidanmu,
da za ta tafi ta tafi da hancina.
Maƙwabta na gasa kifi, hayaƙi kawai nake gani.

An kai shi filin gwaji, can arewa,
damina biyu yana tsaye cikin baƙi.
Alƙalai suka zo da huluna da littattafai,
suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, hanci a gaba,
manyan mutane, wando duk laka.

Wani yaro a babur ya kawo takardar,
ya jefa ta ta saman ƙyaure, ko sallama babu.
A zamanina hannu da hannu ake ba da irin wannan.
Lambar zinariya.
Wai ba ya ciwo, wai tukunyar baranda ta ishe shi,
wai daga Mayu har Nuwamba bai san hutu ba,
amma abin da ya kayar da sauran, in ji su,
ƙamshi ne.

Kamfani ya ce lamba ba ta sayuwa, a ba shi suna.
Ba ta shawarce ni ba.
Yanzu ranar kasuwa sai in ji mata suna cewa,
"Ildefonso yana son rana."
"Kada ki cika wa Ildefonso ruwa, ruɓewa yake."
"A Fabrairu ake yi masa aski, ki rage shi sosai."
In ja hula in wuce.

Da magariba, bayan ƙararrawar coci ta yi shiru,
takan tsinko guda ta kara mini a hanci.
"Ɓawon lemun tsami," in ji ta. "Jira.
Sai zuma kaɗan. Can ƙasa kuma
cikin jakarka ta fata, ranar da ruwa ya dake ka."
In ja numfashi har ƙirji.
Babu komai. Sanyin ganye kawai a leɓena,
da ƙaya guda da ta samu babban yatsana.
In ce mata, "Haka ne, na ji jakar."

Ta san ƙarya nake.
Ni ma na san ta ga kabejin nan guda
da na dasa a ɓoye a bayansa,
don shekaranjiya na tarar an ba shi ruwa.