Totur a Hawan Oshodi

Na taka totur a hawan gadar Oshodi,
mota ta yi nishi ta ƙi gaba.
Allura ta kafe a arba'in.
Danfo ya wuce, kwandasta rataye a ƙofa
yana nuna ni da leɓe,
har tirela mai kwantena ta sha gabana,
ga buhun albasa shida a baya
da Hajiya Tasalla ke jira a Idi-Araba kafin azahar.

Tun a kan gada na fara lissafi:
in inji ne, kuɗin makarantar Zinatu ya tafi,
in giya ce, har da na haya.

Garejin Rasaki yana Mushin, bayan masu walda,
ƙasar wurin baƙa wuluk da tsohon mai.
Shekara tara ya yi a Funtuwa,
Hausarsa na ɗingishi amma tana isa inda za ta.
Na ce masa inji ya mutu.
Ya ce, wa ya yi masa wanka?

Bai taɓa sifana ba tukuna.
Ya sa na tayar, ya karkata kunne,
ya ce tun yaushe, da safe ne ko in ta yi zafi,
tana shaƙewa ne ko ihu take babu gudu?
In ihu ne babu gudu, kuloci ya cinye.
Na ce shaƙewa take, kamar mai tari.
Ya ce to, mota iska take so, da mai, da wuta,
sai ƙofar da hayaƙi zai fita.
Mu fara da mai arha.

Yaronsa Sikiru ya zaro matatar iska,
ya buga ta a taya, ƙurar ba ta kai a yi magana ba.
Aka kwance filogi huɗu aka jera a kan bonet,
uku ja-ja, ɗaya fari fat.
Rasaki ya daɗe yana juya farin a hannunsa.
Ya ce wannan yunwa yake ji.
Ya tara tafi a bakin salansa, numfashi na fita sosai,
ya taɓa ƙafafu huɗu, babu birkin da ya riƙe.

Sai ya shige ƙarƙashi a kan kwali,
ƙafafunsa kaɗai a waje, silifa ɗaya ya tsinke.
Ya fito da matatar mai, ba ta fi gwangwanin madara ba,
ya hura ta, kumatu suka cika, iska ta ƙi wucewa.
Ya zazzage ta a murfin galan:
tsatsa, yashi, da ruwa kwance ƙarƙashin fetur.

Ya dube ni. Ina ka sha mai?

Na tuna daren Laraba a Ojota,
layi ya kai gada, ni kuma ina sauri,
wani yaro da jarka da mazurari ya rage min ɗari biyu a lita,
na tafi ina yaba wa kaina wayo.
Ban faɗa ba. Na sunkuyar da kai ina duban silifansa.
Ya ce araha ba ta ado, haka kuke cewa ko?

Sikiru ya hau acaɓa zuwa Ladipo,
mu kuma muka sauke tanki muka ɗauraye,
warin fetur da na albasa suka haɗu
har mai sayar da burodi ta matsa gaba.
La'asar ta yi kafin a ɗaure kusa ta ƙarshe.

Na taka a titin Agege,
kujera ta tura ni a gadon baya,
allura ta haura sittin ba gardama,
taku ɗari uku, sai ga cunkoso.
Na tsaya a bayan danfo, inji na kaɗawa sumul,
wayar Hajiya Tasalla ta shigo karo na bakwai.
Tsohuwar matatar tana aljihun ƙofa, a leda,
Rasaki ya ce in riƙe ta,
duk ranar da na ga jarka in ciro in hura.